Asabar Ɗin Da Na Ba Baba Ɗantsoho

Ina da wani hali da Asama'u matata ta gaji da yi mini magana a kansa: ban iya yin alheri in yi shiru ba. In na ba mutum aron garma, kafin ya isa gona unguwa ta sani. Saboda haka wannan labarin ba yau na fara ba da shi ba, sai dai a da nakan tsaya ne daidai inda na fi kyau a cikinsa.

Ranar da abin ya fara kuwa ba alheri ya kai ni ba. Ina tsaye a ƙofar ɗakin taron cocin da ke bayan gidana a nan Gumel, hula a karkace, ina ɗaga murya.

"Baba Ɗantsoho, Asabar sha huɗu ga wata tawa ce! Ni na kama ta. Shi ne zan ji a teburin mai shayi wai ka kira 'ya'yanka taro a ranar?"

Yana zaune a kan benci yana ɗaure ƙafar wata kujerar roba da waya. Bai ɗago ba sai da ya gama murɗa wayar.

Cocin ƙarama ce. Mutanenta ma'aikata ne da aiki ya kawo, sai 'yan gidajen Hausawa irin na Baba Ɗantsoho, da asalinsu wani ƙauye ne kusa da Gagarawa Tasha. Amma ɗakin taronsu ba irinsa a unguwar: fanka takwas, kujeru ɗari biyu, daɓen siminti. Don haka mu ma mukan kama haya, ko liyafar biki, ko taron zumunci, ko zaman ƙungiyar masu riɗi. Shekara ashirin da shida makullin yana wuyan Baba Ɗantsoho, kuma dokarsa biyu ce. Wanda ya riga ya riga, ko da ɗan sarki ne ya zo daga baya. Wanda kuma ya kama rana shi ne mai gida a ranar, ko fasto ya leƙo baƙo ne. In Musulmi ne suka kama, akwai wani farin ƙyalle da yake hawa benci ya lulluɓe ƙaramin gicciyen katakon da ke saman bango. Ba wanda ya taɓa roƙonsa, shi ya ga ya kamata. Ranakun kuwa a kalanda yake rubuta su, a cikin sito bayan ƙofa, inda ko kaza ba ta shiga sai shi.

"Taka ce, Malam?" ya ce.

"Tawa ce mana! Taron tsofaffin ɗalibai. Tun kafin azumi na zo na same ka a nan."

Ya dube ni ya daɗe, irin duban da mai sayen akuya yake yi wa akuya. Na ɗauka kunya ce ta kama shi.

"To, in taka ce ai taka ce," ya ce. "Ba ni zan karya dokar da na kafa ba."

Ya jawo wata kujerar. A nan na lura ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta nutse a ciki. Na lura, amma na tafi gida da nasarata.

Asama'u tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kaɗe rariya.

"Sannu da yaƙi, Malam Abdurra'uf. Ka kayar da tsoho."

"Ke ba ki gane ba. Magana ce ta tsari."

"Tsarin mutum goma sha ɗaya? Huɗu a cikinsu ba sa ga maciji da kai. Zaurenka ma ai ya yi muku yawa." Ta sassauta murya. "Likita ya gaya masa zuciya ce ta gaji. Ɗansa Ya'u ne ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa mini. Ka san kuma wa yake so ya gani a ɗakin nan."

Na sani. Duk unguwar ba wanda ya kai ni sani, domin a zaurena abin yake faruwa.

'Ya'yansa huɗu ne. Babban shi ne Ya'u, sa'ana, kafinta, kuma dattijo a cocin. Akwai biyu a Ɗanzomo suna noma. Sai autar, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, yake ce mata Iya. Ita ta musulunta tun tana budurwa, ta zama Tayyiba, ta auri wani dillalin awaki a Maigatari, Habibullah. Baba Ɗantsoho bai kore ta ba, har kayan ɗaki ya yi mata. Amma ranar da aka binne uwarsu, shekara tara ke nan, Ya'u ya dube ta a cikin mutane ya ce a ba baƙuwa wuri ta zauna. Tun daga ranar ba ta sake taka harabar cocin ba, ɗakin ubanta kuwa a cikin harabar yake. In ta zo gaishe shi a zaurena take sauka, in leƙa ta katanga in kira shi, ya zo su zauna a kan tabarmata kamar masu jiran mota.

Kwana uku ina riƙe da Asabar ɗina. A na huɗu, bayan an miƙo mini tuwo ba a ce mini ko sannu ba karo na uku, na sa babbar riga na zagaya.

"Baba, na yi tunani. Na bar maka ranar."

Na tanadi jawabi a kan haƙƙin maƙwabtaka, har da karin magana biyu. Bai bari na kai ga na farko ba.

"A'a, Malam. Rana taka ce, ba a goge suna. Sai dai in ka yarda ka gayyace mu."

"In gayyace ku?"

"Kai ne mai gida. Ni baƙo, Ya'u baƙo, Iya baƙuwa. In da sunana aka yi, Ya'u zai karɓe shi, ya tsara wa zai yi addu'a, wa zai yi waƙa, wa zai zauna a gaba. Ita kuma ba za ta zo gidan Ya'u ba. Amma gidanka ai ta saba zuwa." Ya yi tari ya huta. "Shekara ashirin da shida ina jera wa dangin mutane kujeru. Sau ɗaya nake so in jera wa nawa, in ga ba kujerar da ta rage ba kowa."

Kalmar mai gida ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce to, amma ni fa nawa taron?

"Bari in duba maka."

Ya tashi da ƙyar ya shiga sito ya turo ƙofa. Ya daɗe a ciki, har na fara jin tsoron ko faɗuwa ya yi. Can ya fito yana goge ido da hannun riga, ya ce ƙura ce.

"Ka ci sa'a, Malam. Asabar ta gaba, ashirin da ɗaya, ba wanda zai raba ka da ita."

Ranar Alhamis na bi motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Kafin mu isa, duk wanda ke cikin motar ya san na sadaukar da ranata, har wani Buzu da ba ya jin Hausa sosai ya gyaɗa mini kai. Na sami Habibullah a kara, tsakanin awaki, yana ciniki da hannu a ƙarƙashin riga.

"Malam, ni ban taɓa hana ta ba," ya ce. "Uba uba ne. Je ka gida ka gwada sa'arka, ni na gwada tawa ta ƙare."

Tayyiba ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Ta ji ni har na gama, tana juya ludayi.

"Kawu, taron Yaya Ya'u ne aka ɗora maka."

"Taron wa? Ni Abdurra'uf na kama ɗakin nan da kaina! Ranar nan ko fasto sai ya yi mini sallama. Ya'u kujerar da na nuna masa ita zai zauna."

"Kai za ka nuna wa Yaya kujera?" Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Wannan kam ya isa a je kallo."

Sai dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni yaya ƙafafun Baba. Ban yi mata ƙarya ba. Ta ajiye ludayin, ta dubi bango.

"Ban ce zan zo ba," ta ce. "Amma ka gaya masa kada ya hau benci."

Da safiyar Asabar aka kawo bunsuru. Baba Ɗantsoho ya ce mai gida ne zai yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Ni kuwa ko kaza Asama'u maƙwabta take aika wa. Na karɓi wuƙa, na dubi bunsuru, bunsuru ya dube ni, na tuna cewa shugaba ba ya yin komai da hannunsa, na aika aka kira mahauci.

Mutanen Ɗanzomo suka iso a bayan a-kori-kura, mata da jikoki da buhun gero. Na Gagarawa Tasha suka zo da zoɓo jarka biyu. Ya'u ya shigo da takarda a hannu, ya tsara komai daga addu'ar buɗewa har ta rufewa.

"Ya'u," na ce, "kawo takardar nan."

"Malam, ai tsari ne kawai."

"Wa ya kama ɗaki?"

Ya dubi ubansa. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. "Doka ce, ɗana. Ni ma baƙo ne." Ya'u ya ninke takardar ya miƙo. Ban taɓa jin daɗin mulki irin na ranar ba, ko a ajin da nake koyarwa.

Baƙon nan kuwa ya ƙi zama. Yana dafa bango yana bin layi, yana gyara kujerun da jikoki suka jera, wannan ya matsa ta taku ɗaya, waccan ya juya ta. A layin gaba ya bar guda ɗaya, duk wanda ya nufe ta sai ya ce da mai ita. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta yi. Tuwo ya fara sanyi, fankoki suna ta juya iska mai zafi. Ni da na yi wa Gumel da Maigatari shela na fara lissafin ta wace ƙofa zan fice.

Sai na hango shi ya fito daga sito da farin ƙyallen a kafaɗa, yana jan benci zuwa ƙarƙashin gicciyen.

"Baba, me ke nan?" in ji Ya'u.

"Mai gida Musulmi ne. Na manta tun da safe. Wataƙila Iya ta leƙo ta ga ban rufe ba."

Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bencin. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya sake gwadawa.

"Baba, sauko!"

Daga ƙofa muryar ta fito. Tayyiba ce da goyo, Habibullah a bayanta da yara uku, yana fama da kwali a ka.

"Ban ce a gaya maka kada ka hau ba? Kawu, haka muka yi da kai?"

Na manta ban isar da saƙon ba. Na shiga gyaran hula.

Ta ratsa tsakiyar ɗakin, mutane suna janye ƙafafu. Ta zare ƙyallen daga kafaɗarsa. "Bar shi yadda yake. A ƙarƙashinsa na yi rarrafe, na san da shi." Ta kama hannunsa ta kai shi kujerar nan ta gaba da yake ta tsaro, ta zaunar da shi a kai.

"Ai taki ce, Iya."

"Na ba ka aro."

Ya'u yana tsaye hannu a aljihu. Na ga lokacin jawabina ya yi, na miƙe na yi gyaran murya, sai Asama'u ta jawo rigata ta baya na koma na zauna.

Tayyiba ta durƙusa. "Ina wuni, Yaya."

Ya'u ya zare hannu daga aljihu. Can ya je ya ɗauko kujera da kansa, ya girgiza ta ya ga ba ta rawa, ya goge ta da hularsa, ya ajiye kusa da ta ubansu.

"Kin yi ƙiba," ya ce.

"Kai kuma sanƙo ya gama da kai."

"Gado ne. Jira naki yaran."

Wata tsohuwa daga Gagarawa Tasha ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauka. Abin da aka yi ke nan na sulhu. Ba wanda ya ce a yafe, ba wanda ya ambaci shekara tara. Aka jawo tire, su huɗu suka sa hannu a tuwo ɗaya, Ya'u yana tura mata hanta yana cewa ai dillalan awaki ba sa ba matansu nama. Habibullah ya ce a bar shi ya ci abinci cikin mutunci. Tsohon bai ci ba sai loma biyu. Yana zaune hannu a kan sanda, leɓɓansa suna motsi. Na matsa kusa na ɗauka addu'a yake yi, ashe jikoki yake ƙirgawa, in ya kai ƙarshe ya sake farowa.

Da aka kira Azahar muka fita gindin darbejiya. Tabarmar da na kawo ba ta ishe mu ba. Ya'u ya fito da farin ƙyallen, ya kaɗe shi, ya miƙa wa ƙanwarsa. "Wankakke ne," ya ce, ya koma ciki.

Da la'asar, da aka watse, na sami tsohon shi kaɗai a kujerarsa.

"Malam, ka gani? Ashe daga nan fankar tsakiya ba ta kaiwa. Shekara ashirin da shida ina zaunar da manyan baƙi a inda ya fi ko'ina zafi, ba wanda ya gaya mini."

"Yanzu ai ka sani."

"Na sani. Allah ya saka maka, Malam. Ka yi mini abin da ba ka san ka yi ba."

Na ce ba komai, ai yi wa kai ne. A daren na ba da labarin sau uku a majalisa.

Tayyiba ba ta koma ba. Ta tura miji da yara, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin ubanta, cikin harabar. Ranar Laraba da hantsi ya ce a fito masa da kujera ƙofar ɗakin taro, yana so ya sha iska. Ta kawo masa kunu, ya sha rabi, ya ce ta gaya wa Ya'u ya matsar da layin gaba taku uku. Ta shiga wanke kofi. Da ta dawo kansa ya jingina da bango, makulli yana hannunsa, ya riga ya tafi. Ta katanga na ji salatinta, katangar da na saba leƙawa in kira shi.

Ranar Juma'a da safe aka binne shi. Mutanensa suka yi waƙoƙinsu, mu maƙwabta muka tsaya daga gefe. Masu riɗi sun zo, da matan da ya jera wa kujerun biki, wasu da 'ya'yan auren a hannu. Aka yi kuka daidai gwargwado, amma ba irin kukan da ake yi wa wanda ya bar abu a rataye ba. Ya'u da Tayyiba tabarma ɗaya suka zauna karɓar gaisuwa, suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wa zai ɗauki rediyonsa.

Na so in ɗage tarona, Ya'u ya ƙi. Da safiyar Asabar ya kawo mini makulli har gida.

"Baba ya ce ranarka tana nan, kada a taɓa. Sai dai kujeru kai za ka jera. Suna cikin sito."

Na buɗe ɗakin ni kaɗai. Kujeru goma sha ɗaya nake bukata, ko in ce bakwai. Na tura ƙofar sito, karo na farko a rayuwata. Tsintsiya, jarkar mai, ƙullin waya, farin ƙyallen a ninke a kan kanta. A bayan ƙofa ga kalanda, an ɗaure mata biro da zare. Kowane gida da suna, a ƙarƙashin sunan kuma ya rubuta ranar da mai shi ya zo ya kama, don kada a yi masa gardamar wa ya riga.

Na ce bari in ga sunana a gidan sha huɗu, ko na ɗauki hoto a waya in nuna wa majalisa.

A gidan sha huɗu sunan Ɗantsoho ne, an kama biyu ga Janairu. Nawa yana ƙasa da shi, a gidan ashirin da ɗaya, da tawadar da ta fara koɗewa, an kama tun watan Maris.